Kafin Ka Yarda A Yi Wa Kwamfutarka Fomatin

Maganar makon nan a kan akwatin da rubutunmu yake kwana a ciki ce. Da yawanmu littafin da muke rubutawa yana cikin tsohuwar kwamfutar tebur, ta gida ko ta shagon buga takardu, irin Dell da HP na hannu ɗin nan da ake shigowa da su. Ranar da ta ƙi tashi sai a ruga wurin mai gyara, shi kuma sau da yawa maganarsa biyu ce: ko bod ya ƙone, ko sai an yi fomatin. A ganina kada ka amince da ko ɗaya sai an nuna maka dalili.

"Ta ƙi tashi" ba ciwo ɗaya ba ne. Idan ka danna maɓalli ba fitila, ba ƙarar fanka, to zancen wuta ake yi, Windows bai ma shigo ciki ba. Me fomatin zai gyara a nan? Sauya soket, ari wayar monita ka gwada, don galibi bakinsu ɗaya, ka duba fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku. Zare waya, danne maɓallin kamar daƙiƙa 30, ka mayar. In shiru, wanda ya kamata a fara zargi shi ne fawa fak, ba bod ba, shi kuwa ana cire shi a sa wani, rubutunka ko taɓa shi ba a yi ba. Amma kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an zare waya. Wani abin kuma, tsofaffin da suka fito daga Amurka wasunsu suna da ɗan makunni ja a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Wanda ya jona yana kan 115, ƙara ɗaya zai ji.

Idan kuwa fanka na juyawa amma allo baƙi ne, ko tana ta ƙara ƙit-ƙit, a nan ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman bayan hunturu. Ka kashe, ka zare waya, ka ciro ram, ka goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, ka mayar har ka ji ya zauna. Aikin minti biyar ne, amma nawa aka yanke wa hukuncin mutuwa a kansa? Haka wadda take mantawa da kwanan wata kullum, ta tsaya tana neman a danna F1: ɗan batir ne mai kamar kwabo a kan bod, CR2032, irin wanda ake sa wa makullin mota.

Ba ina cewa masu gyara maƙaryata ba ne. Bod yana ƙonewa da gaske, balle inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma, a tada inji ba a kashe komai ba. Kuma mutumin da ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ga layi a gabansa, dole ya nemi gajeriyar hanya. Sai dai shi aikin awa ɗaya ya rage wa kansa, kai kuma babi goma sha biyu ne za su tafi. Ko da bod ɗin ya ƙone ƙurmus, rubutunka ba a cikinsa yake ba, yana kan had-disk. Ana ciro shi a jona wa wata kwamfutar, ko ta wayar USB da aka yi don haka, a kwashe komai. Saboda haka abin da za ka ce masa shi ne: "Malam, a fara kwashe min fayilolina a filash, ina tsaye." In ya ce ba zai yiwu ba, ya faɗi dalili, ko ka ɗauki akwatinka.

Masu tambaya tsakanin sitabilaiza da UPS: sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta ne kawai, in an ɗauke ita ma ta mutu. UPS ke da batir, shi zai ba ka 'yan mintunan da za ka adana shafin da kake kai, ka kashe a tsanake.