Kada a Ja wa Hausa Layi

A wani taron malamai da muka yi a Takieta, wani abokin aikinmu ya fito da kayen wani yaro, ya nuna mana cikin alfahari inda ya sa jan alƙalami ya soke kalma guda. Yaron ya rubuta cewa mahaifiyarsa ta wuni a layi wajen famfo. Malam ya soke «layi», ya rubuta «sahu» a gefe, ya kuma rage wa yaron maki. Hujjarsa ita ce wai layi Ingilishi ne, Hausar Najeriya ce, mu kuwa Damagarawa muna da tamu. Na tambaye shi me ya sa ya ƙyale «famfo», wanda shi ma daga Ingilishi ya zo, da kuma «kaye» da yake riƙe da shi, wanda Faransanci ne tsantsa. Sai ya ce ai gyara sannu-sannu ake yin sa. Wannan gyaran nake so mu tsayar tun bai yi nisa ba.

Maganar ta wuce makin yaro ɗaya. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, malamai ke muhawara a kan wace Hausa za a rubuta a allo. A watan Maris na 2025 kuma Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan littattafan karatu da takardun hukuma da za a rubuta nan gaba za su bi ra'ayin waɗanda suka fi ɗaga murya yau. Idan masu jan alƙalami suka yi rinjaye, za a wayi gari da Hausar takarda wadda uwar yaron nan ba za ta gane kanta a ciki ba.

Ba na musun asalin kalmar. Daga Ingilishi take, inda ake rubuta ta «line», kuma tushenta Latin ne, inda take nufin zaren da aka murza daga wani tsiro da ake saƙa da shi. Daga wannan tushen ne Faransanci ya samu tasa «ligne». A bakin Turawan Ingila zaren nan ya miƙe ya yi rassa: igiyar kamun kifi, zane a takarda, jerin mutane, hanyar jirgin ƙasa, kamfanin jiragen ruwa, wayar tarho, ɗangon waƙa, salsalar zuriya, sana'ar da mutum yake ci da ita, har da iyakar ƙasa. Su ma aro suka yi, kuma babu malami a Landan da ke soke ta a takardar yaro don ta fito daga Rum.

To, mu dubi abin da Bahaushe ya yi da ita. Ya kai mai karatu, tsaya a mararrabar Takieta, inda hanyar Zinder zuwa Maraɗi ta haɗu da wadda ta gangara Kance da Matamaye, ka saurara na rabin sa'a. Direba zai ce motarsa ce a kan layi, wato ita ke lodi. Mai neman goro za a ce masa ya bi layin ƴan goro. Baƙo zai tambayi gidan wane, a ce masa layi na biyu bayan masallaci. Mai waya zai ce layi ya yanke. Malami zai ce a ja layi a ƙarƙashin darasi. Dattijo zai ce wa mai surutun banza ya saki layi, in kuwa yaro ya shiryu bayan ƙiriniya, a ce ya hau layi. Kalmar ta sami jam'i irin na Hausa, layuka. Tana ɗaukar ɗafi kamar kowace kalma tamu, layina, layinku, layin dogo. Ta shiga karin magana. Har ta iske wata mai kama da ita, layin da mai jiri ko mashayi ke yi in yana tafiya, suka zauna tare ba wanda ya taɓa ruɗewa. Baƙon da ya yi gida, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa da jikoki a gari, wa ke da hurumin tambayarsa takardar shigowa?

Abin da masu sokewa ba su lura da shi ba shi ne Hausa ba ta kwaso ma'anonin Ingilishi duka ba. Ta zaɓa ne, ta raba aiki. Liman bai taɓa cewa a daidaita layi ba, sahu yake cewa. Manomi kunya yake yi a gona. Marubucin waƙa yana da ɗango da baiti. Mai tarihi yana da salsala. Shi ya sa gyaran da abokin aikina ya yi ya ɓata jimlar yaron. A sahu kafaɗa da kafaɗa ake tsayawa, ana fuskantar gaba ɗaya. A wajen famfo kuwa jarka bayan jarka ake jerawa, kowa na jiran na gabansa. Yaron ya san wannan bambanci a kunnensa, malamin ya manta da shi a garin neman tsarki. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma in tsarkin asali ake so, baiti Larabci ne, haka alƙalamin da aka yi sokewar da shi, haka allo, haka darasi.

Saura zancen cewa kalmar ta Najeriya ce. A nan ya kamata Badamagare ya fi kowa hattara, domin babu wanda layi ya yi wa illa kamarsa. A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a taswira daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, ba tare da sun shawarci sarki ko talaka ba. Suka sake jan sa a 1898, da 1904, da 1906, har sai da Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Zinder. A tsakanin haka, a watan Yuli na 1899, a Tirmini, wadda ke cikin gundumar Takieta ta yau, sojan Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga. Layin nan ya raba Damagaram da Daura da Kano a takarda, amma fatake ba su daina tafiya ba. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗar ƙasar nan da fatunta can suka riƙa bi, masu kai su kuma suka riƙa dawowa da atamfa da kananzir da kalmomi: tasha, mota, soja, sisi, layi. Kakanninmu ne suka ɗauko su a kan jakunansu da raƙumansu. Wanda ya ce yau a mayar da su ƙetaren iyaka, aikin da Turawa suka kasa gamawa yake so ya ƙarasa: sun raba ƙasa, shi zai raba harshe. Masana daga ƙasashen biyu sun zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa ya zama ɗaya. Abin kunya ne a ce mu muna warware shi a cikin aji.

Kada kuma a ɗauka ina cewa kowane aro alheri ne. Haɗari na nan, sai dai ba inda ake nuna shi yake ba. Yana wajen mai fassarar da ya ga kalmar Ingilishi sai ya ɗora «layi» a kanta ko'ina, ya ce layin waƙa maimakon ɗango, layin iyali maimakon zuriya. Yana wajen malamin Ingilishi a kolej da ke rubuta kalma ɗaya da fassara ɗaya a allo, yaro ya hardace, ran da ya gamu da ita a wata jimla ya rasa inda zai dafa. Irin wannan lalaci shi ke kashe sahu da ɗango, domin yana ba baƙo aikin da ƴan gida suke yi tun da can. Mai sokewa da mai ɗorawa ciwonsu ɗaya: dukansu asalin kalma suke kallo, ba su sauraren yadda mutane ke aiki da ita.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyoyin raya al'adu da ƴan'uwana malamai. Kowane aji ya buɗe kaye guda, a aika yara kasuwa da tasha da bakin rijiya, su rubuto jimlolin da suka ji an faɗi layi a ciki, da waɗanda aka faɗi sahu ko jeri ko kunya, tare da wurin da suka ji su. A tara su daga Takieta, da Mirya, da Magarya, da Tanut. Nan da shekara za mu sami ƙamus na gaskiya, wanda ya fito daga bakin masu harshen, kuma yara za su koyi cewa kalma ɗaya tana da fuskoki da yawa, a Hausa kamar yadda take a Ingilishi. Kwamitin da zai tsara kalmomin hukuma ya fara da wannan kafin ya ɗauki jan alƙalami.

Shi kuwa yaron nan, a mayar masa da makinsa. Mahaifiyarsa a layi ta wuni, kuma da Hausa ya faɗa. Allah Ya sa mu gane.