Kuturta ba gadon gida ba ce

Ƴan'uwa ɗalibai, ni ilimin harshe nake karantawa, don haka da kalma zan yi faɗa. Kalmar ita ce "gado". In an tashi binciken aure aka ce "akwai kuturta a danginsu", shi ke nan, magana ta mutu. Abin haushi, yanzu har ƴan boko cikinmu sun shiga, wai ai kimiyya ma ta ce gado ne. Haba! Ku karanta da kyau mana.

Tun 1873 likita Hansen, ɗan ƙasar Norwe, ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta, a lokacin da manyan likitocin ƙasarsa ke cewa a jini take. Ƙwaya ce da ake ɗauka ta numfashi, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba. Kuma kusan mutum 95 cikin 100 garkuwar jikinsu na kashe ta.

To ina gadon yake? A garkuwar. A 2004 bincike a Biyetnam da Barazil ya nuna canji kusa da ƙwayar halitta PARK2 na ƙara haɗarin kamuwa. A 2009 aka ga irin haka ga NOD2 a Sin. Haka a wasu iyalan Aljeriya, Tunisiya da Maroko, lahani a CARD9 kan sa ƙwayoyin da ke kawo kora da makero su huda fata su shige cikin jiki. Ke nan ƙofa marar sakata ake gada. Ɓarawon daga waje yake zuwa, in bai zo ba gida lafiya lau.

Mu kuwa mun haɗa ƙofa da ɓarawo cikin kalma guda. Sakamakon? Yarinya ta ga tabo a fatarta wanda ba ya jin taɓi, ta ɓoye don kar a ɓata sunan gidansu, har jijiyoyi su mutu, yatsu su tafi. Alhali maganin kyauta ne tun 1995, wata 6 ko 12 a warke, kuma ga asibitin Danja nan kusa da Maraɗi.

Wanda ya sake ce muku kuturta gado ce, ku tambaye shi: me aka gada takamaimai? In ya kasa amsawa, ya yi mana shiru.