Sulhu Daban, Hukunci Daban: Kafin Ka Dangwala Yatsa

Tun da na dawo gida bayan shekarun da na yi a Ingila, abin da ya fi damuna a harkar takardu shi ne yadda mutanenmu daga Zadawa har Azare ke sa hannu a yarjejeniyar da aka rubuta da Turanci, alhali wanda ya karanta musu ya dunƙule komai ya ce "sulhu ne kawai".

To ba sulhu ba ne kawai. Turawa suna da kalmomi biyu da mu muke haɗawa. "Mediation" ita ce shiga tsakani, irin wadda mai unguwa ko liman ke yi in shanu sun shiga gonar wani. Mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, lallashi yake yi, in ba ka gamsu ba ka kaɗe rigarka ka tafi. "Arbitration" kuwa kun ɗauko mutum ne kun ba shi wuƙa da nama. Abin da ya yanke ya zauna, babbar kotu za ta iya tilasta maka bi, kuma wata uku kacal gare ka in kana son a soke shi, shi ma sai da ƙwaƙƙwaran dalilai 'yan kaɗan. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi hanyoyin biyu. Amma takardar bashin taki ko ta hayar shago a kasuwar Azare sau da yawa kalma ta biyun take ɗauke da ita, can ƙasa da ƙananan haruffa.

Kada wani ya ce wannan matsalar marasa boko ce. A watan Janairun 1967 Gowon da Ojukwu sun zauna a Aburi ta ƙasar Gana, dukkansu sun iya Turanci fiye da ni da kai, suka tashi kowa da fassararsa kan abin da aka amince. Watan Yuli yaƙi ya ɓarke. In manyan sojoji sun yi saɓani kan ma'anar abin da suka faɗa da bakinsu, ina ga manomin da aka miƙa wa biro?

Ra'ayina shi ne, duk takardar da talaka zai dangwala wa yatsa a ƙasar Katagum a rubuta ta da Hausa gefe da gefe, ko da boko ko da ajami, a karanta masa a gaban shaidu biyu. Kalmomin muna da su: sasantawa, alƙawari, sharaɗi, shaida, hukunci. Lauyoyi za su ce fassara na kawo ruɗani in an je kotu. Haka ne, tana iya kawowa. Sai a rubuta a cikin takardar wace siga ce za a bi in an samu saɓani, shi ma wannan layin a karanta wa mutum da Hausa kafin ya sa hannu.