Tsakanin Azahar da Magariba

Da an tashi daga makaranta da ƙarfe biyu, sai titi ya karɓi ƙannenmu. In ban da masu zuwa Islamiyya, babu mai tambayar inda suke har magariba. Ƙungiyar Sikawut ta shigo Nijeriya tun 1915, kuma ba ɗaurin igiya kaɗai take koyarwa ba: yaron da aka damƙa wa jagorancin 'yan'uwansa yakan san nauyin amana tun gemu bai fito masa ba. To mu ɗalibai da ma'aikata, me ya hana mu ba da yamma ɗaya a mako, ko don muhawara ko lambun makaranta? Azuzuwan firamaren unguwa a kulle suke tun azahar. Mu je wurin hedimasta mu nemi mabuɗi.