Wanda Ya Kulle Ƙofa Shi Zai Amsa Tambaya

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai, har ta fara shiga ofisoshin gwamnati, wai tsarin Linux ba abin dogara ba ne, domin yana cikin aiki sai kwamfuta ta sandare, kuma in ka kai kuka wurin masu shi sai su ce ba ruwansu. Mun ji wannan zargi har ya gundure mu. Muna so mu warware shi a natse, saboda mun lura ana bugun jaki ne ana ƙyale taiki.

Bari mu soma daga tushe. A cikin kowane tsarin sarrafa kwamfuta akwai wani sashe da ake kira kanel, wanda shi ne sarkin gida. Shi ke raba ma'adanar aiki, shi ke ba kowace manhaja lokacinta, shi ke magana da faifai da allo da sauran ƙarafa. In manhaja ta gama-gari ta yi kuskure, kanel zai kashe ta, aiki ya ci gaba. Amma direba, wato manhajar da ke tafinta tsakanin kanel da wata na'ura kamar katin hoto, a cikin fada yake zaune, kuma ikonsa daidai yake da na sarki. Babu ɗakin da ba zai iya shiga ba. In ya yi kuskure ya rubuta shirme a wurin da ba nasa ba, mai yiwuwa ne kome ba zai faru nan take ba. Sai bayan awa biyu sashen da ke kula da fayil ya zo ɗaukar ajiyarsa, ya tarar an dagula ta, ya faɗi. Rahoton mutuwar zai nuna sunan wanda ya faɗi, alhali wanda ya haƙa ramin ya daɗe da wucewa.

To, ta yaya ake gano bakin zaren? Da karatu. Tun 1992 kanel na Linux yake ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na da damar karanta rubutunsa na asali layi bayan layi. Idan kanel ya faɗi yakan bar jerin sawu, wato sunayen ayyukan da ya bi kafin ya tuntsure, sai masani ya bi su baya-baya har ya isa inda aka yi ɓarnar. Amma in sawun ya shiga cikin rufaffen direban kamfanin NVIDIA, abin da zai gani sunaye ne na lambobi masu farawa da _nv, waɗanda ba su da ma'ana ga kowa sai ma'aikatan kamfanin. Nan sawu ya ɓace a bakin ƙofa, makulli kuwa yana aljihun wani a Amurka.

Wannan ne dalilin da ya sa kanel ke yi wa kansa tambari da zarar an ɗora masa irin wannan direba. A cikin rahoton za ka ga kalmar Tainted, ma'ana gurɓatacce, da wasu haruffa a gabanta. Harafin P na nufin an ɗora manhaja mai rufaffen lasisi, O na nufin ba daga cikin rumbun kanel ta fito ba, E kuwa ba ta da sa hannu. Wanda ya duba fayil ɗin /proc/sys/kernel/tainted ya ga 4097, to P da O ne suka haɗu, wato 1 da 4096. Masu gina kanel sun sha faɗa cewa rahoton da ke ɗauke da P ba za su ɓata lokaci a kansa ba sai an maimaita matsalar a kan kanel mai tsabta. Mu dai ba mu ga girman kai a nan ba. Wane likita ne zai karɓi mara lafiyar da ya sha wani haɗi, aka hana shi sanin abin da ke cikin haɗin, sa'an nan a ce shi zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya? Ranar wanka ai ba a ɓoye cibi.

Masu cewa wannan rikicin Linux ne kaɗai, su tuna abin da ya faru da Windows Vista. Takardun kamfanin Microsoft da suka fito fili a wata shari'a a 2008 sun nuna cewa cikin faɗuwar da aka tattara rahotonta a wani tsakani na 2007, kusan kashi 29 cikin ɗari daga direbobin NVIDIA ne, fiye da kason Microsoft kansa. Jama'a kuwa sunan Vista suka riƙa zagi. A cikin 2008 ɗin ne kuma masu gina kanel na Linux fiye da ɗari suka sa hannu a wata sanarwa da ta bayyana rufaffun direbobi a matsayin abu mai cutarwa. A Yunin 2012, a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds ya faɗa a bainar jama'a cewa NVIDIA ne kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, har ya haɗa da alamar zagi da yatsa.

Za a ce mana kamfani yana da sirrin sana'a, kuma ya zuba dukiya. Mun ji. Amma Intel ya daɗe yana saka direbobin hotonsa a cikin kanel a buɗe, AMD ya fara sakin bayanan katunansa a 2007, direbansa amdgpu ya shiga kanel a 2015, kuma babu wanda ya tsiyace a cikinsu. Shi kansa NVIDIA a Mayun 2022 ya saki buɗaɗɗen rubutun sashen direbansa da ke zama cikin kanel, don katunan zubin Turing da na bayansu, a 2024 kuma ya mai da shi zaɓin farko. Ashe abin da aka yi shekaru ana cewa ba zai yiwu ba, yana yiwuwa. Sai dai kada murna ta ɗauke mu. Manhajar da ke gudana a cikin katin kansa da ɗakunan karatun da ke sama da kanel har yanzu a rufe suke, kuma tsofaffin katuna ba su shiga wannan rabo ba.

Nan ne maganar ta taɓa mu kai tsaye. Yawancinmu kwamfutar hannu ta biyu muke saya. Kamfanin ya daina kula da jerin direbobi na 340 a ƙarshen 2019, na 390 kuma a ƙarshen 2022. Kanel bai tsaya jiran kowa ba, kullum cikinsa na sauyawa, direban da ke cikin rumbunsa ana gyara shi tare da shi, wanda ke waje kuwa sai mai shi ya ga dama. Ɗalibin da katinsa ke da rai lafiya lau sai ya wayi gari da zaɓi biyu: ya zauna kan tsohon kanel, ko ya koma ga Nouveau, direban da 'yan sa kai suka gina ta hanyar bin diddigin katin ba tare da cikakken bayani daga kamfani ba. Na'ura tamu, kuɗi namu, amma ranar ritayarta wani ne ya yanka.

Duk da haka ba mu yarda ɗalibin jami'a ya tsaya ga kuka ba. In kwamfuta ta faɗi, abu na farko a nemo rahoto kafin a zargi kowa. Umarnin journalctl -k -b -1 yana nuna abin da kanel ya faɗa a tashin da ya gabata, muddin an saita ajiyar rahoto ta dindindin. In mutuwar ta zo farat ɗaya har bai samu rubutawa a faifai ba, akwai pstore da kdump, akwai kuma netconsole da ke aika saƙon ƙarshe zuwa wata kwamfuta ta waya. Abu na biyu, a wanke ƙarfe daga zargi: a gwada ma'adanar aiki da Memtest86+, a duba zafi, a kakkaɓe ƙurar hunturu, a tabbatar da ƙarfin wuta. Saƙon Xid 79, wanda ke nufin katin ya yanke hulɗa da sauran na'ura, sau da yawa zafi ne ko ƙarancin wuta ko rashin zaman katin daidai a gurbinsa. Abu na uku, a cire rufaffen direban a sake tayar da kwamfutar, domin sauke shi kawai ba ya goge tambarin, kuma ba ya gyara abin da ya riga ya dagula. Daga nan a maimaita aikin da ya jawo faɗuwar. In ta sake faɗuwa a kan kanel mai tsabta, rahotonka ya zama hujja, kuma masu kanel za su saurare ka. In ba ta faɗi ba, ka gudanar da nvidia-bug-report.sh ka aika wa kamfanin, tun da kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kiranmu na ƙarshe ga 'yan'uwanmu ne da suka fara aikin gwamnati, waɗanda gobe su za su rubuta takardar sayen kwamfutoci ɗari don makarantu da asibitoci. Kada ku tsaya kan farashi da sauri kaɗai. Ku tambayi ɗan kwangila: shin direban wannan na'ura yana cikin kanel a buɗe? In kamfani ya juya mata baya bayan shekara shida, wa zai iya gyara ta a nan gida? Gaskiya ne akwai ayyukan bincike da ke bukatar CUDA, wanda na NVIDIA ne, kuma ba mu ce a hana masu bincike kayan aikinsu ba. Amma akawun da ke buga wasiƙa da malamin da ke tattara sakamakon jarrabawa ba su da wannan lalura, don haka babu hujjar ɗaure su da ita. Dukiyar jama'a ba ta cancanci a yi cinikin biri a sama da ita ba. Injiniyan da muke horarwa a wannan jami'a ya kamata ya iya buɗe abin da aka damƙa masa, ya karanta, ya gyara. Idan aka saya masa akwatin da aka hana shi buɗewa, to an mai da shi ɗan aike mai digiri.