Waƙar Rabuwa Shaidar Mutum Ɗaya Ce

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar Ikko ce ta sha kaina. Yau dai ga ni, kuma maganar waƙa na zo da ita, duk da na san wasu za su ce dattijo kamar ni me ya haɗa shi da waƙar soyayya. Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Daren Asabar da ta wuce ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu a nan Agege, sai ga wani yaro ɗan garinmu da ke dakon albasa a kasuwar Mile 12. Ya gaishe ni, ya sa aka haɗa masa shayi, ya ajiye waya a kan benci ya saki wata waƙar rabuwa irin ta mawaƙanmu na zamani. Ta ƙare ya maimaita, ta sake ƙarewa ya sake maimaitawa. A karo na huɗu na ce, "Kai ɗana, ita wannan ba ta da ƙanwa ne?" Ya yi murmushin da bai kai zuci ba, ya ce, "Baba, wallahi mutumin nan kamar ya shiga zuciyata. Labarina ne kaf. Mata ba su da amana." Ashe yarinyar da yake nema a gida aka ɗaura wa aure bayan Babbar Sallah.

Ban ce masa komai ba a daren, domin mai sabon rauni ba wa'azi yake buƙata ba. Amma maganar ta kwana tana cina, don na taɓa faɗin irinta da bakina.

Ra'ayina, mai karatu, shi ne waƙar rabuwa shaidar mutum ɗaya ce. Mai ƙara ne ya tsaya gaban alƙali ya zayyana nasa, da kuka da rantsuwa, ba a kuwa kira wanda ake ƙara ba. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci a wannan zama. Mu kuwa masu saurare da zarar kiɗa ya ratsa mu sai mu buga guduma: ta ci amana, shi ke nan, a rufe shari'a. A nan fassararmu take karkacewa.

Mu fara da tambayar da muka fi so: da wa yake? Wace ce ta yi masa haka? Mu da muka tashi da kallon fina-finan Indiya ya kamata a ce mun fi kowa sanin raunin wannan tambaya. Raj Kapoor ne muke gani yana zubar da hawaye a majigi, amma muryar da ke fita ta Mukesh ce, baitocin kuma sau da yawa Shailendra ko Hasrat Jaipuri ne suka rubuta. Mutum uku a kan kuka ɗaya. To zuciyar wa ta karye a cikinsu? Haka abin yake a yawancin waƙoƙin fina-finanmu na Hausa. Mai shirya fim zai ba mawaƙi labari, ya ce a nan za a raba masoyan, a yi mana waƙa. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, jarumi ya zo ya hau. Sana'a ce, kuma gwaninta a cikinta shi ne a yanka rigar da faɗi yadda za ta shigi kowa. Shi ya sa yaron nan ya ji kamar da shi ake. Shi ne ya zuba sunan yarinyarsa da garinsu da ranar ɗaurin auren a cikin waƙar, mawaƙin bai san ko ɗaya ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malaman zaure ya ji labarin Ka'abu ɗan Zuhairu, mawaƙin da ya yi wa Manzon Allah (SAW) zambo, daga baya, bayan buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira, ya zo Madina neman afuwa. Ƙasidar da ya rera a gabansa da kukan rabuwa ta fara: wata mace mai suna Su'adu ta tafi ta bar shi, kuma ya siffanta ta da rashin cika alkawari. Daga nan ya koma kan raƙumar da za ta iya kai shi inda take, sannan ya iso ga abin da ya kawo shi, wato ban haƙuri da yabo. Manzon Allah (SAW) ya yafe masa, har ya ba shi mayafinsa. Masu sharhin ƙasidar sun san buɗe waƙa da begen wadda ta tafi al'adar mawaƙan Larabawa ce tun kafin Musulunci. Ba wanda ya ɗauki baitocin farko ya mai da su fatawa a kan halin mata. Sun fahimci cewa mutum ne da ƙasa ta yi wa ƙunci, yake neman ƙofar shiga maganarsa.

Ga kuma misali na nan inda muke zaune. A 2022 babu motar haya ko shagon aski ko gidan biki a Legas da ba a saka waƙar Burna Boy mai suna Last Last ba. Kukan namiji ne da soyayya ta watse masa, mutane kuma suka yi ta danganta ta da rabuwarsa da wata mawaƙiya ta Ingila. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne asalin kiɗan. An aro shi ne daga wata waƙar Toni Braxton ta Amurka da ta fito a 2000, wadda a cikinta mace ce ke magana, tana bayyana cewa namijin ne bai cika mata ido ba. Ka ga ikon Allah: namiji na kai ƙara a sama, kiɗan da ke ɗauke da shi kuma na macen da ke ba da nata bayanin ne. Da za mu riƙa sauraren kowace waƙar rabuwa haka, muna kasa kunne ga muryar da aka danne a ƙasa, da mun rage zalunci a fassara.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Na sauka Legas a 1996 da niyyar shekara ɗaya, in tara abin lefe da sadaki in koma. Na bar yarinya a gida da alkawari. Lokacin wayar salula ba ta yaɗu ba, sai daga 2001, don haka wasiƙa nake ba direbobin motocin shanu, wani lokaci in ɗauki muryata a kaset in aika. Shekara ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. Kullum ina cewa bari in ƙara kaɗan, kada in koma a raina ni. Ranar da labarin aurenta ya iso ni, na kulle kaina a ɗaki da rikoda da kaset ɗin Indiya, ba na jin ko kalma goma a yaren, amma na fassara kowane baiti da cewa ta yaudare ni. Na riƙe wannan fassara shekara da shekaru.

Sai da na je gida ta'aziyya bayan an daɗe, muna hira da yayata, na ambaci yaudarar da aka yi mini. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni ta ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan manema biyu ta kora saboda kai. Ƙannenta biyu sun taso, ubansu ya ce ba zai zuba ido ba. Sau nawa aka aika maka ka turo magabatanka? Ranar da aka kai ta, ni na riƙe ta tana kuka." Wallahi na rasa bakin magana. Ashe a waƙar da ita za ta rera, ni ne wanda ya tafi bai dawo ba.

Tun daga ranar nake sauraren waɗannan waƙoƙi da wani kunne. Idan mawaƙi ya ce an ci amanarsa, sai in tambayi kaina wa da wa aka bari a waje. Galibi za ka tarar babu uban yarinya a ciki, babu tsadar lefe, babu talaucin da ya kori saurayi zuwa Kurmi, babu shekarun da ta yi tana jira ƙawayenta na yi mata gori. Waɗannan ba sa hawa kiɗa da daɗi, kuma zargin mutum ɗaya ya fi sauƙin rerawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna ana iya yin akasin haka. Da kuntiginsa ya yi waƙa a kan auren dole, ya nuna yatsa inda matsalar take, wato ga iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so. Marubutan littattafan soyayya na Kano ma, musamman mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun daɗe suna ba mu ɓangaren da waƙar saurayi ke tsallakewa.

Wani zai ce, Malam, ka cika tsanani, waƙa ai lallashin zuciya ce, a bar yaro ya ji abarsa. Na yarda. Ban ce a daina ji ba, ni ma har gobe idan na ji muryar Mukesh sai jikina ya yi sanyi. Ban kuma ce babu mata mayaudara ba. Akwai su, kamar yadda akwai mazan da suka zo nan suka yi aurensu a Idi-Araba ko Sabon Shagamu, alhali wata na can gida tana ƙirga watanni. Abin da nake tsoro shi ne abin da ke saura a zuciya bayan kiɗa ya tsaya. Yaron da ya haddace cewa mata ba su da amana, da wannan karatun zai shiga ɗakin matar da zai aura gobe. Zai riƙa binciken wayarta, yana zarginta idan ta yi dariya, ta biya bashin da ba ita ta ci ba. Na san haka domin uwar 'ya'yana ta sha wannan a hannuna a farkon zamanmu, Allah Ya saka mata da alheri bisa haƙurinta.

Ranar Talata na sake haɗuwa da yaron a wurin mai shayi. Na sa aka haɗa masa da ƙwai, sannan na ce, "Ɗana, yaushe rabonka da gida?" Ya yi lissafi da yatsu ya ce shekara biyu da wata bakwai. Na ce, "Manyanka sun je an yi magana? An sa rana?" Ya sunkuyar da kai ya ce yana jira ne kuɗin su cika. Na ba shi labarina kamar yadda na ba ku, ban ƙara ba ban rage ba. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Ya dai shanye shayinsa, ya ce zai kira mahaifiyarsa ya ji yadda abin ya faru.

'Yan'uwana mazauna Kurmi, wanda duk ya bar alkawari a gida, ya tuna kwanaki na tafiya a can kamar yadda suke tafiya a nan. Idan abin ya riga ya wuce, ka ji waƙarka, ka yi kukanka, amma kafin ka yanke wa baiwar Allah hukunci ka nemi wanda zai gaya maka nata ɓangaren.

A nan zan dasa aya. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri, Ya mai da mu gida lafiya, amin.

Daga Agege, Legas.