Kada “Wai” Ta Faɗi a Hanya: Neman Asali a Zaurukan Sada Zumunta

A zaurukan Facebook da WhatsApp da ake buɗewa da sunan gari ko na zuri'a, akwai wata cigiya da ba ta ƙarewa. Saurayi daga zangon Kumasi zai rubuta cewa kakansa falke ne da ya taso daga Katsina, yana neman wanda ya san danginsa. Kafin gari ya waye amsoshi sun taru. Wannan ya ce ai ɗan unguwarsu ne, wancan ya turo hoton wani dattijo mai rawani, wani kuma ya jero salsala tun daga Bagadaza. Saurayin zai ɗauka ya gano tushensa, alhali abin da ya samu bai wuce bakin zare ba. Zauren zumunta wuri ne mai kyau na jin labari, amma tabbatar da labarin aiki ne dabam, kuma ɗalibin Hausa ya fi kowa cancantar yin sa, domin yawancin kurakuran da ake tafkawa a nan na harshe ne.

Ba abin mamaki ba ne Hausawa su rungumi wannan hanya, saboda tafiya ta daɗe da rarraba gidajensu. Fataucin goro ya kai ayari-ayari zuwa Gwanja, kuma da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, a Kete-Krachi ya rasu a 1934. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a zuwa Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana amsa sunansa har yau. Tun kafin haka, a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Katsina na Haɓe ya koma Maraɗi, daga baya iyakar Turawa ta ratsa tsakanin 'yan'uwa. A 1969 kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta sa dubban mutane barin Gana. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙaura ta bar zuri'a biyu da ke jin labarin juna ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Babbar fa'idar waɗannan zauruka ita ce saƙon murya. Tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya zama a tsakar gidanta a Tasawa ta lissafa wa jikanta na Yawunde sunayen matan gidan, da wanda ya auri wa, da kirarin da ake yi wa kakansu. Irin wannan sani bai cika shiga takarda ba, domin rubutacciyar salsala maza take bi, ta bar iyaye mata a waje. Wanda ya raina zauren zumunta gaba ɗaya ya raina wannan taska.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da labari ya fara yawo. Hausa tana da kalmomin da mai magana ke nuna matsayin saninsa da su. “Na gani” dabam take da “na ji daga bakin mahaifina”, ita ma dabam take da “an ce”, kuma ƙasa da su duka akwai “wai”. Idan tsohuwa ta ce “wai daga Gobir suka zo”, ta sauke nauyi daga kanta, ta shaida cewa ba ta da tabbaci. Amma da zarar wani ya mayar da maganarta rubutu ya tura wani zaure, sai “wai” ta faɗi a hanya. Bayan turi uku ko huɗu, maganar ta zama “daga Gobir suka zo”, har ma ta dawo wa jikan tsohuwar daga bakin wani baƙo, shi kuma ya ƙirga ta a matsayin shaida ta biyu. Mutum goma da suka kwafi saƙo ɗaya ba shaidu goma ba ne.

Sunaye ma tarko ne. Sunan yanka kaɗan ne ke yawo a ƙasar Hausa, ta yadda Muhammadu ɗan Abubakar zai iya zama mutum ɗari a gari guda. Ga kuma alkunya, wadda ke hana mace ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, har zuri'a ta tashi ba ta san kakanta da wani suna ba sai Ɗanjuma ko Maigoro ko Malam. Sunan gari da ke bin sunan mutum, kamar na Aminu Kano ko Shehu Shagari, al'ada ce da ta yaɗu da makarantun boko, ba ta nuna cewa masu amsa shi jini ɗaya ne ba. Sannan rubutun suna yana sauyawa da iyaka. Wanda aka rubuta Usman a Nijeriya shi ne Ousmane a Nijar, Osman a Gana, a Sudan kuwa da haruffan Larabci za a same shi. Yusuf shi ne Issoufou, shi ne Issifu. Mai neman Damagaram a takardun Faransawa dole ya nemi Zinder.

Haka kalmar “kaka” take. Tana nufin mahaifin uba ko na uwa, namiji ko mace, tana kuma iya nufin wanda ya rayu shekaru ɗari biyu da suka wuce. Shi ya sa salsalar baka kan tsallake tsatso biyu ko uku ba tare da mai ba da labari ya yi ƙarya ba. Maganin wannan shi ne a ɗaure kowane suna da wani abin da aka san shekararsa. Dattawa ba su cika riƙe lissafin shekara ba, amma suna riƙe aukuwa. Idan aka ce an haifi mutum shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, ana nufin 1911. Idan aka ce ya yi ƙaura a yunwar Kakalaba, ana maganar wajen 1913 zuwa 1914. Da irin wannan ƙugiya ake gane ko wanda ake kira kaka zai iya zama mahaifin uba, ko kuwa ya girme shi nesa.

Akwai kuma son ɗaukaka, wanda ɗabi'ar ɗan Adam ce. Gidaje da yawa suna son tushensu ya kai Gabas, ko ya haɗu da gidan sarauta ko na sharifai, kamar yadda labarin Bayajida ya danganta sarakunan Hausa Bakwai da Bagadaza. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna yadda asali ya zama igiyar da ta ɗaure Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a harkar ciniki. Ashe ke nan asali abu ne da ake amfani da shi, kuma abin da ake amfani da shi akan gyara masa fuska. Wannan bai sa labarin ya zama banza ba. Yana dai buƙatar a tambayi wa ya amfana da shi.

Wasu za su ce irin wannan bin diddigi yana ɓata zumunci, tunda mutane sun taru ne don su so juna. Uzurin yana da ƙarfi, amma salsalar ƙarya ba ta tsayawa a waya. Tana shiga rigimar gado, tana shiga neman sarauta, tana buɗe wa ɗan damfara ƙofar neman kuɗi da sunan ɗan'uwa. Malaman hadisi sun bar ma'auni mai sauƙi: a san wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da ko sun yi zamani ɗaya. Bayan haka sai a gwada labarin da abin da ke ajiye a Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH da cibiyar CELHTO a Yamai, ko a Cibiyar Nazarin Afirka da ke Legon. Su ma takardun ba tsarkakakku ba ne, domin da yawa daga rahotannin Turawan mulki ta bakin tafinta aka rubuta su. Inda baka da takarda suka dace ba tare da ɗaya ya kwafi ɗaya ba, nan ne ake samun abin dogaro.

Abu mafi nauyi shi ne amana. Bincike na gaskiya yakan tono abin da gida ya rufe, kamar asalin bauta ko ƙwarƙwaranci ko haihuwar da ake shakka a kanta. A al'ummar da har yanzu ake binciken asali kafin a ba da aure, kuma a Nijar sai a 2003 dokar ƙasa ta mai da bautar da mutum babban laifi, jimla ɗaya a zauren mutum ɗari biyar tana iya rusa baikon yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Abin da dattijo ya faɗa a ɗaki ba lalle ne ya yarda a shelanta shi ba, don haka sai an nemi izininsa.

Saboda haka aikin ɗalibi a bayyane yake. Duk saƙon murya da ya samu, ya adana shi yadda yake, ya rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar da ya yi ta, ya kwafe ta da karin harshenta, ba tare da ya mayar da Gobiranci ko Damagaranci Kananci ba, kuma ya bar kowace “wai” a inda mai ita ya ajiye ta. Idan zauren ya nuna masa wani gida a Maraɗi ko a Kumasi, sai ya tuna cewa zumunci a ƙafa yake, ya je ya zauna gaban tsofaffin gidan tun suna da rai.